BARI DABAN, HARAMTAWA DABAN: DARASI A KAN WANDA YA BAR CIN NAMA DA ZAMANSA DA JAMA'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya fitar da tsiro daga ƙasa, Ya hore mana dabbobi, Ya halatta mana tsarkakan abubuwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi akushi da abin da ke cikinsa. Wani zai ga abin ƙarami ne, amma mun ga ya raba zumunta, ya kusa ɓata aure, ya kuma sa an jefi Musulmi da kalmar da ba ta halatta ba.

DALILIN WANNAN DARASI

Mas'aloli biyu suka zo gabanmu a cikin shekara guda. Ta farko ta wani dattijo ce daga cikin masu sahun farko a masallacinmu. Ciwon gaɓoɓi irin wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa ya matsa masa, sai likita ya umurce shi da ya bar jan nama da kayan ciki da romonsu. Ranar sunan jikan ƙanensa aka kawo masa kwano cike da naman ragon suna. Ya ture kwanon gefe bai ce uffan ba, domin yana jin nauyin bayyana ciwonsa a gaban surukai. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Ƙanen ya ce yayansa yana zargin gidansa da sammu. Waɗansu suka ce ai boka ne ya gindaya masa sharaɗi don kasuwarsa ta buɗe. Gidaje biyu na ciki ɗaya suka yi watanni ba mai taka ƙofar wani. Da abin ya ishe shi, sai ya je wata walima ya ci nama a gaban kowa don ya wanke kansa, ya kwana bakwai bai iya takowa masallaci ba.

Ta biyu ta wani saurayi ce da ya dawo daga karatu a ƙasar Indiya, ya ce shi ya bar cin nama. Bayan sallar asuba mahaifinsa ya riƙo hannunsa ya kawo mana shi, ya ce: "Allah gafarta Malam, ka tambayar mini yaron nan, shin har yanzu Musulmi ne?" A lokacin iyayen yarinyar da aka yi masa baiko da ita har sun fara maganar mayar da kaya.

Duk ɓarnar nan rashin sani ne ya kawo ta, daga ɓangaren masu zato da kuma ɓangaren waɗanda suka kasa yin bayani.

SU WANE NE MASU BARIN NAMA

Masu barin nama ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya bar jan nama kawai, yana cin kaza da kifi. Akwai wanda ya bar duk wani nama da kifi, amma yana shan nono yana cin ƙwai. Akwai kuma wanda ya taƙaita a kan abin da ƙasa ta tsirar, ya bar duk abin da ya fito daga dabba, har nono da ƙwai da man shanu da zuma. Masu wannan ra'ayi na uku sun kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a shekarar 1944. A Indiya kuwa barin nama tsohuwar al'ada ce: binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan ƙasar suna cewa ba su cin nama, a cikin Musulmin ƙasar kuma kashi 8 cikin 100. Ɗalibin da ya yi shekaru a irin wannan ƙasa, ga shakkar wanda ya yi yanka, ba abin mamaki ba ne cikinsa ya saba da rashin nama.

Dalilai ma sun bambanta. Wani ciwo ne ya hana shi. Wani ransa ne ba ya so tun yana yaro. Wani yana shakkar yanka. Wani tausayin dabba ne ya rinjaye shi. Wani yana son ya hori ransa ko ya rage kashe kuɗi. Wani kuma aƙida ce ya ɗauko. Hukunci yana bin dalili, saboda haka kuskure ne a tara su duka a yi musu kuɗin goro.

Mu kuma tuna da halin da muke ciki. Mafi yawan mutanenmu na karkara, daga ƙasar Tawa zuwa Damagaram, tuwon gero da miyar kuka da wake da fura su ne abincinsu a mafi yawan kwanakin shekara. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko Sallar Layya. Wanda ya rasa nama ba mai zarginsa da komai. Wanda ya samu ya bari shi ne ake yi wa kallon baƙon abu.

HUKUNCIN SHARI'A

Cin naman dabbobin ni'ima da aka yanka bisa ƙa'ida halal ne da nassin Alƙur'ani, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ma'ida da aya ta 5 ta Suratun Nahli. Manzon Allah (S.A.W.) ya ci nama, ya kuma tabbata yana son ƙafar gaba ta akuya ko tunkiya. Babu saɓani a kan wannan tsakanin malamai. Sai dai halal yana nufin an ba ka izini, bai zama an wajabta maka ba.

Hadisai biyu sun isa su warware mas'alar. Na farko, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (S.A.W.) gasasshen damo a ɗakin Uwar Muminai Maimunatu (R.A.). Da aka gaya masa ko mene ne, sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu (R.A.) ya tambaye shi ko haramun ne. Ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya sonsa. Halidu ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa bai hana shi ba. A zama ɗaya, a kan akushi ɗaya, an ga mai bari da mai ci, kuma ba wanda ya aibata wani.

Na biyu, Muslim ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa waɗansu sahabbai sun tambayi matan Annabi game da ibadarsa ta ɓoye, sai wani ya ɗau alkawarin ba zai yi aure ba, wani ba zai ci nama ba, wani ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.), ya yi inkarin abin, ya bayyana cewa shi yana salla yana barci, yana azumi yana sha, yana kuma aure, kuma wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi. Haka aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta hana muminai su haramta tsarkakan abubuwan da Allah Ya halatta musu.

A hadisin farko an bar nama ba a yi laifi ba, a na biyu an yi nufin barinsa an sha tsawa. Abin da ya raba su shi ne niyya da ƙudurin zuciya. Daga nan muke fahimtar matakai uku:

1. Wanda ya bar nama yana ƙudurce da cewa halal ne, saboda ciwo ko rashin so ko shakkar yanka ko sauƙaƙa rayuwa, babu laifi a kansa. In ma amintaccen likita ya tabbatar cin naman zai cutar da shi, to barin ne abin nema gare shi.

2. Wanda ya mai da barin nama ibada mai zaman kanta, yana ganin ya fi mai ci kusanci ga Allah, ya saɓa wa sunna, ana yi masa nasiha. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa wanda ya haramta wa kansa wani abin da Allah Ya halatta, in ba matarsa ba, maganarsa ba ta lazimta masa komai. Abincin yana nan halal gare shi.

3. Wanda ya ƙudurce cewa yanka zalunci ne kuma cin nama haramun ne ga mutane, ya yi karo da nassi bayyananne, kuma yana cikin hatsari babba. Irin wannan ra'ayi aka jingina wa mawaƙin ƙasar Sham Abul Ala'i Alma'arri, wanda ya rasu a shekara ta 449 bayan Hijira, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma, malamai kuma suka yi masa raddi. Ko a wannan mataki, aikin malamai ne su zauna da mutum su karantar da shi. Bai halatta ga ɗan majalisar ƙofar gida ya fitar da Musulmi daga addini ba.

ZACE-ZACEN MUTANE DA AMSARSU

Na ɗaya, su kan ce: "Ya raina ni'imar Allah." Amsa ita ce godiyar ni'ima a zuciya da harshe take, da kuma sarrafa ta a inda Allah Yake so. Uwar Muminai A'ishatu (R.A.) ta ba da labarin cewa a kan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, dabino da ruwa suke rayuwa a kai. Anas (R.A.) ya ga Annabi a gidan wani maɗinki yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, tun daga ranar shi ma ya so kabewa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya gargaɗi mutane a kan yawan cin nama, domin yana da sabo irin na giya. A Shekarar Toka kuma, wato shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya afka wa Madina da kewayenta, Umar ya hana kansa man shanu da nama har mutane su sami sauƙi. Ba wanda ya ce ya raina ni'ima.

Na biyu, su kan ce: "Ai ya zo cewa wanda ya yi kwana arba'in bai ci nama ba halinsa zai munana." Wannan magana ba ta tabbata daga Annabi (S.A.W.) ba. Imamu Gazali ya jingina ta ga Sayyidina Aliyu (R.A.) a cikin Ihya'u, tare da sauran rabinta da ba a cika faɗa ba, cewa wanda ya dawwama a kan cinsa kwana arba'in zuciyarsa za ta ƙeƙashe. Wanda zai kafa hujja da rabin farko sai ya karɓi na biyu. Haka ruwayar da ke cewa nama shi ne shugaban abinci, malaman hadisi sun raunana ta.

Na uku, waɗansu masu ɗan karatu su kan kawo aya ta 61 ta Suratul Baƙara, inda Bani Isra'ila suka nemi ganye da albasa da irinsu aka zarge su. Abin da aka zarge su a kai shi ne butulci da gajen haƙuri a kan abincin da Allah Ya saukar musu ba tare da wahala ba. Ai Alƙur'anin nan shi ne ya lissafa hatsi da inabi da zaitun da dabino da kayan marmari a cikin Suratu Abasa a matsayin ni'ima gare mu da dabbobinmu.

Na huɗu, su kan ce: "Boka ne ya hana shi," ko "Iskokinsa ne ba su so." Gaskiya ne akwai bokayen da ke hana mabiyansu wani nau'in nama, kuma bin irin wannan sharaɗi haramun ne mai taɓa tauhidi. Amma samuwar abu a gari ba ta zama hujja a kan wane ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da nisantar yawan zato, ta hana bincike da gulma, ta kuma kamanta mai gulma da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Mu duba da kyau, ya ƴan'uwa: mutum ya bar naman da Allah Ya halatta, mu kuma mun zauna muna cin nasa wanda Allah Ya haramta. Wane ne ya fi cancantar a ji tsoro a kansa?

Na biyar, mai masauki ya kan ce: "Ya ƙi abincina, ya wulaƙanta ni." Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa wanda aka gayyata zuwa abinci ya amsa gayyata, sa'an nan in ya so ya ci, in ya so ya bari. Haƙƙin mai gayyata shi ne ka zo. Zumunta a ƙafa take, kamar yadda magabata suka ce.

Na shida, su kan ce: "Zai rame, jininsa zai ƙare." Wannan yana da ƙamshin gaskiya, don haka muka ware masa fasali.

ABIN DA MASANA LAFIYA SUKA TABBATAR

Babban mutum mai lafiya yana iya rayuwa da ƙarfinsa ba tare da nama ba, in ya san abin da yake yi. Sinadarin gina jiki da ake nema a nama yana nan a wake da gyaɗa da waken suya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake wannan sinadari ne, haka gyaɗa, waken suya kuma ya fi su. Gero da dawa suna da ƙarancin wani ɓangare na wannan sinadari wanda wake yake da shi a wadace, shi ya sa haɗa hatsi da wake ya fi cin kowanne shi kaɗai. Allah Ya yi mana baiwa a nan, domin Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Shinkafa da wake, ɗan wake, ƙosai, alale, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, miyar kuka da daddawa, duk abincinmu ne na gado ko na kasuwa, ba sai an aiko da su daga waje ba.

Amma akwai abubuwa uku da mai barin nama ya wajaba ya sani.

Na farko, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a wake da ganye, sai dai jiki bai cika shan na tsiro kamar na nama ba. Lemun tsami da tumatir da tattasai da gwaba suna taimaka wa jiki ya sha shi in an ci su tare da abinci. Shayi kuwa yana rage shansa, don haka ya kyautu a bar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi.

Na biyu, akwai bitamin B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa. Babu shi a gero, babu a wake, babu a zogale. Ana samunsa a nama da kifi da ƙwai da nono. Hanta tana ajiye shi na ƴan shekaru, saboda haka mutum ya kan daɗe yana cewa lafiyarsa lau, daga baya gajiya da ƙarancin jini da mutuwar tafin ƙafa da mantuwa su bayyana, wani lahanin jijiya kuma ba ya gyaruwa in an makara. Mai shan nono da cin ƙwai yana da sauƙi. Wanda ya bar su duka tilas ne ya riƙa shan ƙwayar wannan bitamin bisa shawarar likita.

Na uku, yara ƙanana da masu ciki da masu shayarwa hukuncinsu daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga wata 6 zuwa wata 23 a riƙa ba shi abincin da ya fito daga dabba, kamar nama ko kifi ko ƙwai, kowace rana. A ƙasa irin tamu, inda tamowa da ƙarancin jini suka addabi yara da mata, hana su ɗan abin da ya samu zalunci ne.

Ta ɗaya gefen kuma, a watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta wannan Hukuma ta bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya yana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton yana da hannu, hatsarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan ci. Wannan gargaɗi ne ga wanda ba ya kwana sai da tsire ko balangu. Talakan da ke ganin nama sau biyu a wata ba shi ake nufi ba. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya musanya nama da tulin wake da gyaɗa bisa ra'ayin kansa, ya koma ga likitansa.

LADUBBAN WANDA YA BAR NAMA

Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Hudu cewa baƙi sun sauka wa Annabi Ibrahim (A.S.), ya yi gaggawar kawo musu gasasshen maraƙi. Da ya ga hannayensu ba su kai ga abincin ba, sai ya ji tsoronsu a ransa. Nan take suka kwantar masa da hankali, suka gaya masa ko su wane ne. In Badaɗin Allah ya ji wani abu don baƙo bai taɓa abincinsa ba, to ƙanenka ko gwaggonka ba su yi abin mamaki ba. Mala'iku kuma ba su bar shi cikin zullumi ba. Daga nan mai barin nama zai ɗauki ladubbansa.

Ka riga zato da bayani. Kalma biyu sun isa: "Yaya, Allah Ya raya, Allah Ya amfana. Likita ya hana ni nama, amma a zubo mini tuwo." Ba sai ka tona dukan ciwonka ba. In gayyata ce ta musamman, ka aika tun kafin a ɗora tukunya, don kada uwargida ta yi asarar kazarta.

Ka amsa gayyata, ka zauna cikin mutane, ka ci abin da kake iya ci, ka yaba, ka yi addu'a. Ƙaurace wa taro shi ke ba zato wurin zama.

Kada ka aibata abinci. Abu Huraira (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Toshe hanci, ko kiran nama gawa, ko buɗe wa'azin cututtuka mutane suna tsakiyar ci, duk rashin ladabi ne. Ka tuna akwai mahauci da makiyayi da mai kilishin Madawa a cikin sahun da kake salla, da wannan sana'a ta halal suke ciyar da iyalinsu.

Ka bambanta mai tambaya da mai tsokana. Mai neman sani ka ba shi amsa a natse. Abokin wasa ko taubashi da ya ce ka koma akuya, ka yi dariya ka rama da wasa. Mai neman husuma ka ce masa "Allah Ya sa mu dace," ka yi shiru.

Kada ka yi ƙarya. In tausayi ne ko rashin so, kada ka laɓe bayan likita, domin ranar da aka gane, sauran maganarka ma ta faɗi. Kada kuma ka cuci jikinka don kunya kamar yadda dattijon nan ya yi. Jikinka amana ne.

In tausayin dabba ne dalilinka, ka sani tausayin abin yabo ne, kuma Musulunci ya riga ka. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu (R.A.) ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, an kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ka yi amfani da tausayinka wajen gyara abin da muke gani kullum: kaji a rataye ta ƙafa a kan babur cikin rana, tumaki a danƙare a mota ba ruwa, jaki da gyambo ana ɗora masa kaya. A nan kana da hujja, malamai kuma suna bayanka.

LADUBBAN MAI MASAUKI DA JAMA'A

Ka tambaya cikin sirri da ladabi, ka kuma karɓi amsar da aka ba ka. Kada ka rantse wa baƙo sai ya ci. Kada a ɓoye nama ko romo a cikin miyarsa don a gwada shi ko a yi masa dariya, wannan ha'inci ne, kuma yana iya kwantar da marar lafiya. Ɗebe masa miya kafin a zuba nama ba ya cin ko dala. Karamci shi ne ka ba baƙo abin da zai amfane shi, shimfiɗar fuska kuma ta fi ta tabarma.

LAYYA DA RAGON SUNA DA HAƘƘIN IYALI

Barin cin nama ba ya sauke layya. A mazhabar Imamu Malik layya sunna ce mai ƙarfi ga mai iko, kuma yanka ya fi yin sadaka da kuɗin dabbar. Wanda ba ya iya yanka da hannunsa ya wakilta Musulmi. Ci daga naman layya mustahabbi ne, wanda bai ci ba layyarsa ta inganta, sai ya ciyar da iyali da maƙwabta da mabuƙata. Aya ta 37 ta Suratul Hajji ta sanar da mu cewa taƙawa ce ke isa ga Allah, ba naman ko jinin ba. Haka hukuncin ragon suna yake.

Kuma maigida ba shi da ikon ɗora wa iyalinsa abin da ya zaɓar wa kansa. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa nama lokaci bayan lokaci a cikin ciyarwar da ke kan miji, tare da ruwa da mai da itace da gishiri, gwargwadon hali da al'adar gari. Wanda ya soke kuɗin nama daga cefane da sunan shi ba ya ci, ya tauye haƙƙi.

KAMMALAWA

Shi saurayin nan tambaya ɗaya muka yi masa a gaban mahaifinsa: "Naman ragon da aka yanka da sunan Allah, halal ne ko haram?" Ya ce: "Halal ne, Malam. Ni dai raina ne ya daina so." Muka ce wa mahaifin ɗansa Musulmi ne, kuma yana da magabaci a hadisin damo. Muka ce wa yaron shi ma yana da laifi, domin ya dawo yana yi wa mahaifiyarsa gyara a kan tukunyarta, muka umurce shi ya ba ta haƙuri, ya kuma ga likita a kan maganar bitamin. An ɗaura auren, ranar Sallah kuma shi ya riƙe wa mahaifinsa rago.

Dattijon kuwa mun raka shi gidan ƙanensa da takardar asibiti a aljihunsa. Bai ma kai ga fito da ita ba. Da ya ce ciwo ne, ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, me ya hana ka gaya mini tun ranar?" Watannin gaba sun tafi a kan maganar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi su karanta wannan darasi ga jama'a, musamman gab da Sallar Layya, su kuma isar da shi ga mata a makarantun dare da na Islamiyya, tunda tukunya a hannunsu take.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin ƴan'uwanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu da garkunanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu ne, Allah Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.